Hoton Dubai, Kayan Kornaka: Sharhi a kan Tallar Waya

Ƴan'uwa, a zaman ƙungiyarmu mun saba mu ɗauko waƙa ko gajeren labari mu feɗe shi, mu ce nan marubuci ya yi daidai, nan kuma ya kauce hanya. Wannan karon ba littafi na ɗauko ba. In dai gaskiya za a faɗa, rubutun da na fi karantawa a shekarar nan shi ne statu na WhatsApp, kuma na san ku ma haka ne, kada wani ya yi mini fuskar malamai. Mafi yawan abin da nake gani can talla ce: atamfa, turaren wuta, humra, takalma, tsohuwar waya, rago, maganin basir. Tunda rubutu ne da aka yi don a karanta, har a sa mutum ya zaro kuɗi daga aljihu, ina ganin ya cancanci a yi masa sharhi kamar kowane rubutu.

Bari in fara da abin da ya tunzura ni. Kwana goma kafin ƙaramar Sallah na ga wata shadda a statun wata mai saida kaya a garin nan. Ruwan ƙasa ce mai duhu, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Na aika jaka goma sha biyu, kuɗin da na daɗe ina tarawa. Bayan kwana huɗu aka kawo mini leda. Da na buɗe sai na ga launin ya koɗe, ba sheƙi ba alamarsa, tela kuma ya auna ya ce yadin bai cika ba, sai dai a yi riga a haƙura da wando. Na kira ta, ta ce ai hasken kamara ne. Na sake kira, ta daina ɗauka.

Abin da ya ba ni mamaki, ba inda za ta gudu. Na san gidansu. Mahaifiyata ta san mahaifiyarta. Ban kai ƙara jandarma ba, ban zage ta a gurup ba. Na dai nuna wa ƴan'uwana mata yadin, su kuma suka ba da labari wajen biki. Ribarta a kaina ba ta wuce jaka uku ba, a kan wannan ta rasa gida guda mai mata biyar masu sayen zane duk Sallah, da duk wanda labarin ya kai kunnensa. Mi ya kai ta? Ba na jin muguwa ce. Ina jin ta ɗauka cewa da zarar ciniki ya shiga waya, ya fita daga gari.

To bai fita ba, kuma yadda aka ƙera WhatsApp ɗin ma ya nuna haka. Statu ba ya zuwa ga kowa. Sai wanda ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka, shi ne zai gani. Haka saƙon da ake watsa wa mutane da yawa lokaci guda: mutum 256 ne iyakarsa, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Su wa ke nan? Goggonka ce, da abokin ajinka na CEG, da matar maƙwabcinku, da ɗan kabu-kabun da ke kai ka tasha, da wani ɗan'uwa a Sabon Mashi ko Ajekoriya ko Ɗan Gulbi. Mai talla yana ji kamar duniya yake wa magana, alhali mutanen da za su zo masa gaisuwar mutuwa ne suke kallo. Kusan duk kurakuran da nake gani daga nan suka taso. Mun ari salon tallar manyan birane, inda mai saye zai iya zama baƙon da ba za a sake gani ba, muka kawo shi garin da in ka yi atishawa a bakin kasuwa za a ce maka sannu a bakin asibiti.

Ku dubi hotunan. Yarinya fara sol tsaye gaban wani bene na gilashi, sanye da abaya, a ƙasa an rubuta cewa akwai kaya. Kowa ya san ba a Kornaka aka ɗauki hoton ba. Daga shafin wani ɗan kasuwa na Kano ko Dubai aka kwaso shi, wani lokaci har da tambarin mai shi da lambar Najeriya mai farawa da +234 ba a goge ba. Mai tallar ma sau da yawa ba ta taɓa riƙe kayan a hannunta ba. Sai ka biya, sannan ta aika wa wata a Maraɗi, ita kuma ta aika wa wani a Kantin Kwari, a ɗauko abin da ya yi kama da hoton a ba direba. Hannu uku ke nan, ba wanda ya ga abin da ka gani. Cinikin biri a sama, kuma birin ma na wani ne.

Ba ina cewa dillanci laifi ba ne. Dillalai sun girme mu a kasuwa, la'adarsu kuma halal ce. Amma dillalin kasuwar dabbobi yakan ce maka ga mai rago can zaune, ni tsakani nake. Laifin shi ne ka ɓoye cewa kai tsakani kake. Da ta ce mini kayan yana Maraɗi, ban gan shi da idona ba, in ya zo bai yi maka ba a mayar, wallahi da ko kwabo ban riƙe ta da shi ba. Kowanenmu ya ji a makarantar allo labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce masa. Tacen da ake sa wa hoto ya ƙara haske, ya mayar da yadi mai arha kamar gezna, shi ne busasshen hatsin namu na yau. Bambancin kawai, wancan mai saye yana iya cusa hannu cikin tarin ya ji damshi. Kai kuwa gilashin waya kake shafawa.

Abin haushi kuma, kayan da muke da su da gaske ba su samun hoto. Wake, gero, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, cukun da ake kawowa daga arewa, jar akuya da sunan Maraɗi ya tafi da ita ƙasashe. Wanda ke zaune Yamai ko Agadas ba abaya yake nema daga wurinmu ba, ya fi mu kusa da ita. Tiyar wake mai kyau yake nema a farashin ƙauye. Amma yaronmu yana jin kunyar ya ɗauki buhun wake gaban bangon laka ya sa a statu, wai kada a raina shi.

Sai farashi, wanda nan ne na fi yin dariya, na fi kuma jin takaici. Kashi na farko su ne masu ɓoyewa. An sa hoto, ka tambaya nawa, a ce ka biyo ta PV. Don mi? A kasuwa ma in ka tambaya ana faɗa maka a gaban kowa, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama. Ɓoyewar nan abu ɗaya take gaya wa mai saye: za a duba hoton da ke kan lambarka a yanka maka kuɗi daidai da rigarka. Kuma a garin nan asirin ba ya kwana. Wadda aka saida wa jaka shida za ta haɗu da wadda aka saida wa jaka huɗu a gidan suna, zane iri ɗaya a jikinsu, kuma za su tambayi juna, don mata ba su barin wannan tambaya. Akwai kuma mai kunya, wanda ba zai taɓa biyowa ta PV ba don kada a faɗa masa kuɗin ya kasa saye. Shi an rasa shi tun kafin a san da shi.

Kashi na biyu su ne masu rubuta lamba tsirara. An rubuta 5000, shi ke nan. Dubu biyar na mi? Mu nan da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, jaka ɗaya dala ɗari biyu. In ɗalibi ya karanta wa kakarsa ya ce dubu biyar, ita dala dubu biyar za ta ji, wato jaka ashirin da biyar, ta ce Allah ya kiyaye. Shi ɗalibin jaka biyar ya fahimta. Ita kuwa mai tallar wataƙila daga Kano ta kwafo rubutun ba ta canza ba, naira ake nufi. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, har jakar sefa ɗaya ta haura naira dubu biyu a 2024, wannan dubu biyar ɗin wajen jaka biyu ce kawai. Lamba ɗaya, farashi uku, tsakanin ƙaraminsu da babbansu ya fi ninki goma. Maganin abin bai wuce kalma biyu ba, a rubuta jaka biyar. Sannan a faɗi ko kuɗin mota yana ciki, da wanda zai biya kuɗin aike in ta Nita ko Amana ko Al Izza za a tura. Rigima da yawa da na gani a kan dala ɗari ko ɗari biyu na aike ta tashi, ba a kan kayan ba.

Harshen tallar ma abin dubawa ne, tunda mu masu son rubutu ne. Wani zai cika statu da Faransanci mai karyayyar ƙafa, wani da Turancin da ya aro daga Legas, shi kansa in ka ce ya fassara sai ya yi tari. Ga shi tun watan Maris na 2025 kundin da aka kafa a ƙasar nan ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma mai saida turare a Kornaka yana ganin in bai sa kalmar nasara ba kayansa ba su yi daraja ba. Wa yake wa magana? Masu riƙe da kuɗin cefane da na kayan ɗaki a gidajenmu, da yawansu ba su karanta boko ba, ba Faransanci ba har Hausar ma. Suna da waya, suna sauraren murya. Duk wanda ya zauna kusa da mahaifiyarsa da dare ya san saƙon murya shi ne jaridarsu. Daƙiƙa talatin na magana a sarari, ga kaya, ga kuɗi, ga inda nake, ya fi layi goma na rubutu da hotunan wuta da zuciya. Na ce daƙiƙa talatin fa. Ban ce minti bakwai na gaisuwa da kirari ba kafin a zo ga atamfa.

A nan ne batun mega ya shigo. Mai talla da ke zaune inda rezo ke da ƙarfi yana mancewa da cewa mai kallonsa forfe na dala ashirin ko arba'in ya saya, wayar kuma biya ya yi aka caja masa ita a rumfar mai sola. Ka jera hoto arba'in da bidiyo shida a yini ɗaya, har ɗigon da ke saman statu ya koma kamar zaren carbi, ka cinye masa mega ba tare da ya sayi komai ba. Gobe zai toshe statunka, kai kuma ba za ka sani ba, don WhatsApp ba ya faɗa. Za ka ci gaba da talla kamar mai kiran kasuwa bayan an watse.

Akwai wanda ya fi wannan muni, don shi ba mega yake ci ba, mutunci yake ci. Ka wayi gari ka ga an jefa ka gurup na wani butik ba a tambaye ka ba, lambarka a buɗe ga mutum ɗari biyu. Ga namiji abin haushi ne kawai. Ga ƴarmace, daga ranar kira ya fara ke nan tsakar dare daga mutanen da ba ta sani ba, in matar aure ce kuwa sai ta yi bayanin da ba ta da shi. Haka masu sa hoton takardar aiken kuɗi a statu don a ga ana ciniki, da sunan mai aikowa da lambarsa da yawan kuɗin a fili. Yanzu duk gari ya san wance ta kashe jaka talatin a kayan gyaran jiki, har kishiyarta, har wanda ke bin mijinta bashi. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ake kira HAPDP, amma ba sai an je Yamai ba kafin a san wannan ba daidai ba ne. Mai shago na ƙwarai bai taɓa tsayawa bakin ƙofa yana shelar abin da kowa ya saya ba. Masu sa hoton wanda suke bi bashi kuwa, su tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a 2024 an mayar da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta waya.

Masu magani ba zan yi musu sassauci ba. Kwalba ɗaya wai tana maganin basir, da sanyi, da ciwon suga, da hawan jini, da rashin haihuwa. Man shafawa wai cikin mako guda za ki yi fari. Ba sunan abin da ke ciki, ba ranar lalacewa. Wanda ya cuce ni a shadda wando ya hana ni. Wanda ya sa tsoho mai ciwon suga ya ajiye maganin likita ya kama kwalbarsa, abin da zai hana shi ya fi wando. Kuma mu ɗalibai muna da hannu a ciki, don mu ake ba dala ɗari a ce mu sa a statunmu, mu sa ba mu tambaya ba. Wanda ya gani a wayarka ba mai maganin ya yarda da shi ba, kai ya yarda da kai, ɗan wane mai karatu.

Kada a ce na zo rushe sana'ar mutane. Ni ina cikin masu murna da tallar waya, kuma ga dalili. Matan Hausa sun daɗe suna kasuwanci daga cikin gida. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ɓoyayyen ciniki na gida-gida, inda mata ke saye da sayarwa ba su fita ba, yara ne ƙafafunsu. Mun san su wane ne yaran. Su ne ƙannenmu mata da ke ɗauke da tire a ka suna zagaya tasha lokacin da ya kamata suna aji. Duk matar da ta iya saida kayanta ta waya, ta rage wa ƴarta yawon rana ɗaya. Don haka in mutane suka yanke ƙauna daga sayen kaya ta waya saboda hoton ƙarya da farashin ɓoye, ba masu ƙaryar kaɗai za su yi asara ba. Tiren zai koma kan yarinyar.

Mu masu saye ma ba waliyyai ba ne. Akwai mai tambayar kuɗin kaya ashirin ba da niyyar saye ba, akwai mai cewa a ajiye masa ya ɓace, akwai mai karɓar kaya ya ce gobe, goben ta kai kaka. Wannan ne ya sa wasu suka koma sai an biya kafin a gani. Na fahimce su. Sai dai amana ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda dukiyarsu ta ginu a kan dangantakar ubangida da baransa, ana ba mutum kaya ya tafi da su nesa a kan yarda. Ba su da kamara, amma suna da abin da ya sa ake ba su kaya ba takarda.

Wani ƙaramin abu kafin in manta. Wasu duk kasuwancinsu cikin waya ɗaya yake: lambobin masu saye, lissafin bashi, komai. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. A Najeriya gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022. Mu nan ma ba sai an je can ba, waya ta faɗa rijiya ko wani ya kira ka ya yaudare ka ka karanta masa lambobi shida da aka turo maka, shi ke nan ya ƙwace WhatsApp ɗinka yana roƙon kuɗi da sunanka. Kaye na dala hamsin da biro sun isa su riƙe lissafin.

Talla mafi kyau da na gani bana ba ta da tace ko kiɗa. Wani mai kiwo ne, gab da Layya. Ya sa ƙanensa ya riƙe waya, ya tsaya kusa da ragon don a ga tsayinsa a jikin mutum, ba irin hoton da ake durƙusawa a ɗauka daga ƙasa ba har ɗan tunkiya ya koma kamar maraƙi. Ya buɗe bakin ragon ya nuna haƙora, ya zagaya da shi a ga tafiyarsa, ya nuna wani tabo a ƙafar baya ya ce ƙaya ce ta soke shi ya warke. Ya faɗi kuɗi da jaka. Duka bai kai minti ɗaya ba. Da na tambaye shi wa yake yi wa wannan, tunda duk mai son rago a nan zai iya zuwa ya taɓa da hannunsa, sai ya ce ba don mu ba ne. Don yaran garin ne da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya da Abijan, masu son saya wa iyayensu ragon Layya amma suna tsoron su aiko kuɗi a saya musu abin da bai kai ba. Su suke turo kuɗin, shi kuma ya ja ragon har ƙofar gidan tsohon, ya ɗauki hoton tsohon riƙe da igiya ya aika wa ɗan shi kaɗai. Ya ce mini wanda ya saya wa bara, bana ya turo masa abokansa biyu da suke ɗaki ɗaya a Sabha.